Sunan Yaya a Takardar da Bai Karanta Ba

A gidanmu Dakta Fanka ake ce wa yayana. Umma ce ta laƙaba masa. Ranar da ya dawo da digirinsa na uku ta zaunar da shi, ta ce ya faɗa mata abin da ya kwashe shekarun nan yana karantawa, don in maƙwabta sun tambaye ta ta san abin faɗa. Yaya ya gyara zama ya fara bayani: akwai wasu manya-manyan injina masu fukafukai uku da ake kafawa a fili, iska ta juya su, su ba da wutar lantarki.

Umma ta ce, "Fanka dai."

Ya ce, "A'a Umma. Ita fanka wuta take ci ta ba da iska. Wannan kuwa iska yake ci ya ba da wuta."

Ta ce, "To, fanka mai tafiya da baya."

Shi ke nan, suna ya zauna.

Ni ce autarsu. Da jami'a ta ɗauke shi koyarwa aka ba shi gida a rukunin ma'aikata, ɗaki uku da ɗan fili a baya, sai Umma ta tura ni can in taya matarsa riƙon 'yan biyu. Anti nake ce mata. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba, a gabana aka yi.

Abin dariyar shi ne, Yaya bai taɓa taɓa injin nan da hannunsa ba. Duk aikinsa a cikin kwamfuta yake. Sai ya zana injinan, ya ɗauki iskar da ta kewaye su ya yanyanka ta ƙanana-ƙanana kamar idon raga, gida miliyoyi, sannan ya bar kwamfuta ta yi ta lissafin yadda iskar kowane gida take ture ta kusa da ita. Abu ɗaya ne ya hana shi sukuni. In iska ta ratsa injin farko, a gajiye take fitowa, a hargitse, na bayansa sai dai ya ci saura. To yaya za a jera su, yaya za a ɗan karkatar da na gaba, don na baya ma ya samu rabonsa? Tambayar ke nan. A kanta gashinsa ya fara fari.

Ofishinsa wani siririn ɗaki ne a bene, tagarsa tana kallon bango. Tebur ɗaya, an tokare ƙafarsa guda da tsohon littafi. A ƙarƙashin teburin wata baƙar kwamfuta ce tana gurnani ba dare ba rana, ga zafi tana fitarwa, in ka zauna kusa da ita sai ƙafarka ta yi gumi. Lissafi ɗaya sai ya ci makonni. Wani lokaci wuta ta ɗauke, batir ya ƙare, komai ya tafi. Wani lokaci wuta lafiya lau, amma lissafin da kansa ya haukace, lambobi su yi ta hawa ba birki. Sai Yaya ya ce, "Ragar ce ba ta yi ba." Ya koma ya sake saƙa ta daga farko. In kuwa abu ya yi kyau, ya kira ni in ga allo: shuɗi da kore da ja suna murɗawa a bayan fukafuki kamar hayaƙi. Ni kyan launin nake gani. Shi kuwa sai ya tsaya yana kallo baki a sake kamar an nuna masa jaririnsa.

A duk shekarun nan takarda uku ya fitar a mujallun masana. Uku. Amma kowace in ka matse ta gumi ne zai zuba.

Abokan aikinsa kuwa wani yana da ashirin, wani talatin. Kada ku ce ƙwaƙwalwa suka fi shi. Wata dabara gare su da suke kira "sa ni in sa ka". Mutum huɗu ko biyar su haɗa kai, kowa in ya rubuta takarda sai ya jera sunayen sauran a sama, kamar tare aka yi. Ka rubuta ɗaya, ka tashi da biyar. Mai binciken siminti sai ka ga sunansa a takardar man shafawa. Kuma abin yana da ladabinsa: ba a karantawa. In aka sa sunanka, godiya ce taka. Ka ce a turo maka ka duba, to ka zagi mutum, ka nuna ba ka yarda da aikinsa ba.

Jagoransu wani ne da muke ce wa Mai Kwat, don ko rana za ta narka ƙarfe sai ya sa kwat. Ofishinsa yana jikin na Yaya. Ba mugu ba ne irin wanda za ka gani ka gudu, shi ya sa ma ya fi haɗari. Ga fara'a, ga zumunci, ranar da 'yan biyu suka kwanta asibiti shi ya fara zuwa. Kullum sai ya leƙo.

"Dakta, har yanzu kana nan kana gadin tukunyar taka? Yaushe za ta nuna?"

"Saura kaɗan."

"Tun ina da gashi kake cewa saura kaɗan. Ka shigo cikinmu mana, malam. Mu ba ma cizo."

Yaya sai ya yi dariya ya ce Allah ya ba da sa'a. Haka suka yi ta yi.

Sai jami'a ta fito da sabuwar doka. Duk malamin da ba a tabbatar da shi a aiki ba, kwamiti zai zauna a kansa. Mai takarda biyar ya tsaya. Wanda bai kai ba, a sallame shi. Kuma gidan na aikin ne, makarantar 'yan biyu ma ta 'ya'yan ma'aikata ce. In aiki ya tafi, duk sun bi shi.

Yaya yana da uku. Babban aikinsa, wancan na karkatar da inji, ya kusa, amma mujallar kirki ba ta sauri. Sai an aika wa masana sun duba, sun dawo da gyara, an sake dubawa. Ba zai fito kafin kwamiti ba, ko ya fito ma huɗu ke nan.

Anti ba mai hayaniya ba ce. Da yamma muna tsakar gida tana yi wa 'yan biyu wanka, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Baban 'yan biyu, ni tambaya ɗaya gare ni. In suka ce mu tashi, ina muka nufa?"

Washegari ya ƙwanƙwasa ƙofar Mai Kwat.

Mai Kwat har rungume shi ya yi. Aka shirya: za su sa shi a takardu biyu da suke gab da fita, shi kuma ya sa Mai Kwat da mutanensa, su huɗu, a babban aikinsa. Ka ji ciniki. Aikin da ya ci masa ƙuruciya, a bakin takardu biyu da aka dafa a mako guda.

"Har gata muka yi maka," in ji Mai Kwat. "Ɗayar ta siminti ce, amma ɗayar kan injin iska wani ɗalibina ya yi ta. Sunanka zai zauna daram, ba mai cewa uffan."

Takardun suka fito a wata mujalla mai buga komai da ka kawo mata. Aka turo wa Yaya. Bai buɗe ba. Na san za ku ce wauta ce, mutum mai digiri uku. To, ni da na zauna da shi na san dalili. Ba ladabin ƙungiya ne kawai ya hana shi ba. Kunya ce. Kamar mutumin da ya ji ciwo ya ƙi kallon wurin. In bai karanta ba, yana iya gaya wa kansa suna ne kawai aka ara. Ya cika biyar, ya aika babban aikinsa mujallar kirki da sunaye biyar a kai, ya daina yawan magana a gida.

Aka buɗe sabon zango. Ranar lakcarsa ta farko ya manta tabarau, Anti ta ce in bi shi da shi. Na tarar har ya fara, sai na raɓe a bakin ƙofa ina jira ya juyo.

Darasin da yake buɗe shekara da shi ne, wanda ya fi so. Yana cewa, "Ba injin da zai iya kwashe ƙarfin iska duka. Ku yi tunani. In ya kwashe duka, iskar za ta tsaya cik a bayan fukafuki, ta toshe hanya, sabuwa ba za ta samu wurin wucewa ba. Dole a bar mata na tafiya. Iyakar abin da za a iya ɗauka kashi hamsin da tara ne cikin ɗari, da ɗan ɗoriya. Injinan da suka fi kowane kyau ma ba sa kaiwa nan. Duk wanda ya ce muku nasa ya wuce haka, ko dai bai iya lissafi ba, ko kuwa maƙaryaci ne."

Aji ya yi dariya. Kowace shekara a nan ake dariya.

Sai wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu, waya a ɗaya hannun. Wallahi ba da rashin kunya ba. Fuskarta har haske take yi, irin ta wadda ta yi shiri tun a gida don ta burge malaminta.

"Malam, na nemo duk takardunka na karanta kafin a dawo. A sabuwar kun ce injinku ya ɗauki kashi saba'in da ɗaya. Don Allah yaya aka yi kuka wuce iyakar?"

Ita a zatonta wani babban abu ya gano.

Yaya ya ce, "Wace takarda?"

Ta miƙa masa wayar. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ba ya gani. Sai na shiga na ba shi tabarau. Da na sani da na juya da shi gida. Ya sa, ya karanta. Ya mayar mata da wayar da hannu biyu kamar mai miƙa abin da zai fashe, ya ce, "Za mu dawo kan wannan." Ya tattara kayansa ya fita, lakca ko rabi ba ta yi ba.

Kai tsaye ofishin Mai Kwat ya shiga, ina biye da shi.

"Saba'in da ɗaya? Saba'in da ɗaya kuka rubuta, da sunana a kai?"

Mai Kwat ya ajiye kofin shayi. "To ba shi da kyau ne? Ai ni cewa na yi yawan shi ne nagarta."

"Ba zai yiwu ba ne! Ɗan aji ɗaya ya san ba zai yiwu ba!"

"To ni ɗan iska ne da zan sani? Kai ne na iska." Ya yi dariyar abinsa shi kaɗai, da ya ga ba mai taya shi sai ya sassauta murya. "Zauna, Dakta. Wa yake karanta abubuwan nan? Kwamiti ƙirgawa yake yi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, Allah ya ba da hutawa. Ka bari su zauna. Bayan nan in ka ga dama ka ƙone ta."

"An riga an karanta."

"Wa?"

"Ɗalibata."

"Haba malam! Yarinya? Ka ce mata kuskuren bugu ne."

Ba kuskuren bugu ba ne. Yaya ya zauna ya karance ta tsaf a ranar. Lambar tana cikin taƙaitawa, tana cikin zane, tana cikin kammalawa, har da kirarin cewa an kafa tarihi.

A gida Anti ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Cewa na yi ka jinkirta gaskiya. Su zauna tukuna, sai ka rubuta wa duk wanda za ka rubuta wa."

Ni ma bayanta na bi. Na ce, "Yaya, don girman Allah ka ja bakinka. Waɗannan mutanen sun shekara suna yi, ba abin da ya same su."

Ya ce, "Auta, jibi ina da ajin nan. In shiga in ce mata me?"

Na ce, "Ka ce mata ta yi karatunta ta bar shisshigi."

Ya kalle ni kawai.

Ya gwada, kada ku ce bai gwada ba. Ajin farko ya aika a ce ba shi da lafiya. Na biyu ya je har bakin ƙofa, ya hango ta a layin gaba da littafi a buɗe, ya juyo. Abinci in an ajiye sai dai a ɗauke. Ya daina zuwa duba kwamfutar ma. Mutumin da ko zazzaɓi yake yi sai ya lallaɓa ya je ya ga inda lissafi ya kwana.

Wata safiya, bayan 'yan biyu sun tafi makaranta, ya zauna a teburin cin abinci ya rubuta wa editan mujallar. Ya ce sakamakon ba zai yiwu ba, ya ce shi bai yi aikin ba, bai ma karanta ba kafin a buga, a janye ta. Ya karanta wa Anti kafin ya tura. Ta ce, "Ka riga ka yanke, me ya sa kake karanta mini?" Ta shige kicin. Ya tura.

Mujallar da ba ta duba komai kafin bugawa, wajen wanke kanta sai ga ta da sauri. Suka janye takardar, suka buga mata jan tambari, suka manna bayanin Yaya a ƙasa. Kafin a ce me, hoton ya zagaye dandalin masu wannan fanni a intanet. Sunaye biyar ne a kai, amma nasa aka zagaye da ja. Sauran ai 'yan siminti ne da 'yan sinadari, ana iya cewa ba su sani ba. Shi fa? Wani ya rubuta, "Ga wanda ya fi iska wayo." Na shiga na yi ta yi da su, na ce ku da kuke dariya shi ya kai ƙarar kansa, a cikinku wa zai iya? Ba wanda ya kula ni. Dariyar ta fi daɗi.

A sashensu kuwa gaisuwa ta ɗauke. In ya shigo ɗakin shan shayi sai hira ta mutu. Ba don ya sa suna a abin da bai karanta ba, wannan kowa yana yi. Don ya faɗa.

Sai ga saƙo daga mujallar kirki a kan babban aikinsa. Masana sun duba, sun yaba, gyara kaɗan suke so. Rabona da ganin haƙoran Yaya har na manta, ranar na gani. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda sunansa yake kai sai ya sa hannu ya amince. Su huɗun suka ƙi. Ya rubuta ya ce to a cire su. Mujalla ta ce ba a cire sunan mutum sai da yardarsa. Ya koma wurin Mai Kwat.

"Ku sa hannu, ko ku bari in cire ku. Kun san ko layi ɗaya ba ku rubuta ba."

Mai Kwat ya gyara wuyan kwat, murya a sanyaye, har da tausayi a fuska. "Ikon Allah. Dakta, ai aikinmu ne mu duka. Ga sunayenmu nan, kai ka rubuta da hannunka. Mu kuma gaskiya ba mu gamsu da shi ba. Ka san yanzu dole mutum ya yi hattara da abin da zai sa wa hannu."

Har yau aikin yana can a rataye. Ba a buga ba, ba a ƙi ba.

Kwamiti ya zauna da hantsi. Yaya ya sa rigarsa mai kyau, Anti ta goge masa duk da ba sa doguwar magana. Ya ce ba wanda ya tambaye shi komai game da iska. Sun ƙirga, huɗu, har da ta simintin. Shugaban ya ce sun yaba da gaskiyarsa ƙwarai, amma doka doka ce. Mai Kwat ya rasa ɗaya cikin talatin, ko a jikinsa.

Yanzu Yaya lissafi yake koyarwa a wata sakandare a bayan gari. Shi da iyalinsa suna zaune a ɗaki biyu a gidan Umma. Yana lafiya, yana cin abinci, in an yi abin dariya yana yi. Amma ni ranar tashinmu ce ta ƙi fita daga raina.

Motar kaya ta zo da safe. Muka yi ta fito da katifu da tukwane, maƙwabta suna leƙe ta bayan labule, ba wanda ya fito ya kama mana ko kujera. 'Yan biyu suna murna, su a ganinsu yawo za a je, suna faɗa kan wa zai zauna kusa da direba. Mai Kwat ya zo wucewa a mota, ya rage gudu, ya sauke gilas ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, Dakta." Bokiti ne a hannuna. Anti ta riƙe mini hannu tun ban ɗaga ba.

Da ɗakuna suka zama wayam, ta tsaya a tsakiyar falo tana kallon inda hotuna suka bar fari a bango. Yaya ya zo ya tsaya a bayanta.

"Maman 'yan biyu, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Ban ce ka yi laifi ba."

"To ki ce wani abu mana."

"Me kake so in ce? Ka kyauta? Wataƙila wata rana in faɗa. Ba yau ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ma'aikacin ofishin gidaje yana tsaye a waje yana jiran mukulli. Yaya ya ja ƙofa zai kulle, mukullin ya cije. Ya murɗa, ya ƙi. Mutumin ya ce, "Bar shi kawai, Dakta, wanda zai shigo ai sabon kwaɗo zai sa." Yaya bai ko juyo ba. Ya ɗaga ƙofar da gwiwa, ya danna da kafaɗa, ya sake murɗawa, gumi yana bin wuyansa. Direba yana ta danna ham. Sai da ta kullu, ya jijjiga ta ya tabbatar, sannan ya miƙa mukullin.

Gaban motar ya cika da Anti da yara. Ni da shi muka hau baya, muka zauna a kan katifa.